Warware sikirin ɗin laftof a gida: lamarin wani ɗalibi a Gadarif, Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2024

Asalin lamarin

Mai kwamfutar ɗalibi ne ɗan shekarar ƙarshe a ɗaya daga cikin jami'o'in Khartum, yana karanta lissafin kuɗi. Bahaushe ne haifaffen Gadarif, daga gidajen da kakanninsu suka baro ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji ta ƙasa, suka yada zango a gabashin Sudan, zangon ya zama gida. Maƙwabcina ne, ya kuma yarda a rubuta abin da ya faru ba tare da an kama suna ba.

Kwamfutar ta hannu ya saya, tun yana shekarar farko. Sikirin ɗinta inci 15.6 ne, ba na taɓawa ba. Batirinta a ciki yake, sai an kwance murfin ƙasa ake ganinsa, saɓanin irin na da wanda ake zarewa ta baya da ɗan yatsa. A cikinta akwai binciken kammala karatunsa, da hotunan takardun shaidarsa da na mutanen gidansu, kuma babu kwafinsu a wani wuri.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023. Ya fito cikin masu fita, ya shiga bas ta Wad Madani zuwa Gadarif, tafiyar kilomita 400 da 'yan kai. Kwamfutar tana cikin jakar goyo, a matse tsakanin tufafi da littattafai, jakar kuma a ƙarƙashin kujera. Ta iso tana aiki. Da jami'arsa ta koma tura darussa ta intanet, sai kwamfutar ta zama ita ce ajinsa da laburarensa. Shagunan gyara da ya sani a kasuwar Suk Arabi ta Khartum kuwa sun zama tarihi a lokacin.

Cikin daminar 2023 murfin ya fara tauri. Ɗakinsa tagar katako ce, duk guguwar ƙurar da ta taso kafin ruwa sai ta shigo. Shi kuma ya saba buɗe kwamfutar da hannu ɗaya, ya kama kusurwar dama ya ɗaga. Wajen watan Satumba ya ji wani ɗan ƙara a kusurwar hagu ta ƙasa, ya duba ya ga roba ta tsage kaɗan. Tun da hoto bai canja ba, bai bi ta kai ba.

Oktoba 2023: alamun farko

Sikirin ya fara ƙyaftawa. Idan aka tura murfin baya sosai, sai layuka kore da ja su keta hoton, wani lokaci ya yi fari fat. Idan aka jawo shi gaba kaɗan, sai komai ya dawo. Ya gano wata kusurwa, ɗan ƙasa da tsaye cak, da hoton ke zama lafiya, sai ya riƙa tokare murfin da babban littafi a wurin.

Dabarar ta ɗauke shi kamar sati huɗu. A kowane sati kusurwar da ke aiki tana ƙara ƙuntata, har ya kai ko tebur aka taɓa hoton sai ya watse.

Nuwamba 2023: gwaje-gwaje ba tare da an buɗe komai ba

Shawarar farko daga abokan karatunsa ta zo, a zaurensu na WhatsApp: manhajar da ke tafiyar da hoto ce ta lalace, a sabunta ta. Ya kashe data ya sauke sabuwa, babu canji. Shawara ta biyu, a yi wa kwamfutar fomat a sa sabon Windows. Kafin ya yi, ya kwashe fayilolinsa a filas, wanda shi ne karo na farko da binciken nasa ya samu kwafi na biyu. Fomat ɗin ya ci masa yini guda saboda ɗaukewar wuta, ƙyaftawa kuma tana nan yadda take.

Akwai gwaji biyu da ya yi a ƙarshen watan. Na farko, ya shiga shafin BIOS, wanda ke fitowa tun kafin Windows ya tashi, ya motsa murfin, layukan suka bayyana a can ma. Abin da ya bayyana tun Windows bai tashi ba, ba laifin Windows ba ne. Na biyu, ya haɗa kwamfutar da talabijin ɗin gidan ta kebul ɗin HDMI. Hoto ya fito tas a talabijin, ko ya motsa murfin ko bai motsa ba. Wannan ya wanke ɓangaren da ke haɗa hoto a babban bod, wato allon da kayan cikin kwamfutar ke kai.

Abin da ya rage a zarga uku ne: gilashin kansa, kebul ɗin da ya taso daga bod ya bi ta gaɓar murfi ya shiga bayan gilashin, da bakunan da kebul ɗin ke shiga a kowane ɓangare. Shi hankalinsa ya tafi kan baki na bayan gilashi, cewa jijjigar bas ce ta sassauta shi.

Makon farko na Disamba 2023: buɗewa ta farko

Ya kalli wani bidiyo sau da yawa kafin ya fara. Kwamfutar da ke cikin bidiyon tsohuwar ƙira ce, mai gyaran ya zare batirinta ta baya cikin daƙiƙa biyu ya wuce. Ɗalibin ya duba bayan tasa bai ga abin zarewa ba, sai ya kashe ta, ya cire caja, ya ɗauka ya yi abin da ake nufi.

Kayan aikinsa ƙaramin sukudireba mai bakin gicciye, da wuƙar tebur, da tawul. Ƙanwarsa ce ta riƙe masa tocila, don da yamma ya fara kuma babu wuta.

Firam ɗin robar da ya kewaye gilashin ba shi da sukuru, 'yan kunnuwa ne na roba ke riƙe shi da bayan murfi. Hanyarsa ita ce a sa yatsu ta gefen ciki, a ɗaga a hankali ana bi, kunnuwan su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya. Shi da wuƙa ya fara, ta waje, kunnuwa uku suka karye a kusurwar sama kafin ya ajiye ta ya koma tsohon katin banki. A gefen ƙasa ya gamu da gam mai fuska biyu, wanda ya manne firam ɗin da baƙar ledar da ke rufe siririn bod ɗin gilashin. Ya ja da ƙarfi, ledar ta ɗan yage. Wajen riƙe gilashin kada ya biyo firam, ya danna shi da babban yatsa.

Sukuru huɗu ke riƙe da gilashin, biyu a kunnuwan ƙarfe na sama, biyu a na ƙasa. Ya kwance su, ya kifa gilashin a kan tawul bisa kibod. Ga kebul ɗin nan a baya, an liƙe bakinsa da salatif. Ya ɓare salatif ɗin, ya zare kebul, ya hura bakin, ya mayar. A karkace ya shiga, gefe ɗaya ya riga ɗaya.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, na ga wani abu ya yi tartsatsi."

Ya ce mata ai a kashe take, hasken tocila ne. Ya gyara zaman kebul ɗin, ya kunna. Fanka ta juya, fitilar wuta ta kama, sautin tashin Windows ya fito, sikirin kuwa baƙi ƙirin a kowace kusurwa.

Washegari ya haska tocila a jikin gilashin a karkace, ya hango hoton yana nan dishi-dishi, har yana iya ganin kibiyar linzami tana yawo. Irin wannan gilashi ba ya ba da haske da kansa. Akwai jerin 'yan fitilun LED a gefensa na ƙasa, da wasu fararen shafuka a baya da ke baza hasken, gilashin gaba kuma aikinsa buɗe wa hasken hanya da rufewa a kowane ɗigo. Hoto ba haske yana nufin fitilun ba sa ci. Ɗalibin ya yanke cewa fitilun sun ƙone, sai an sayi sabon gilashi. Ya mayar da sukurori ya rufe. Farar takardar da ke manne a bayan gilashin, mai ɗauke da lambarsa, bai ɗauki hotonta ba.

Janairu 2024: gilashin da aka sayo

A tsakiyar Disamba Wad Madani ta faɗa cikin yaƙin, Gadarif ta cika da masu gudun hijira, hanyar yamma ta rufe. Kayan lantarki sai daga Fot Sudan ta Kasala, kusan kilomita 800. Wani ya haɗa shi da dillali a can. Saƙon da ya tura masa gajere ne: sikirin inci 15.6, siriri, da sunan kamfanin kwamfutar. Kuɗin daga cinikin riɗin mahaifinsa aka cire, kuma ba ƙaramin abu ba ne a shekarar da gidan ke ciyar da baƙi.

Bayan kamar sati biyu wani direban babbar mota ya kawo shi cikin kwali da soso, bai fashe ba. Tsawo da faɗi daidai, kunnuwan ƙarfe sun hau ramukansu. Da aka zo sa kebul, bakin sabon gilashin ya fi na kebul ɗin faɗi. A nan ne ya karanta takardun bayan gilasan biyu. Tsohon NT156WHM-N32 ne, sabon NT156WHM-N10. Duka na kamfanin BOE ne, duka ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye. Amma na farko haƙora 30 gare shi a bakin da kebul ke shiga, kuma yana karɓar hoto ta tsarin eDP, na biyu haƙora 40 ta tsarin LVDS, wanda ya girme shi. Daga wajen 2013 ne masu ƙera kwamfuta suka riƙa barin LVDS suna komawa eDP, shi ya sa kasuwar kayan hannu ke cike da iri biyun a gwamutse, kuma ta gaba ba a bambance su.

Sunan kamfanin kwamfuta ba ya faɗa wa dillali komai a nan. Galibin masu haɗa laftof sayen gilashi suke yi daga 'yan kamfanoni kamar BOE, AU Optronics, Innolux da LG Display, kuma kwamfuta biyu masu suna ɗaya suna iya fitowa da gilasai daban. Ƙirga haƙora kaɗai ma bai wadatar ba, don akwai eDP mai haƙora 40 a gilasan taɓawa da masu ɗigo da yawa. Lambar da ke bayan gilashi ita ake nema da ita, ko wadda aka tabbatar tana maye gurbinta.

Dillalin ya ce ya aiko abin da aka ce ya aiko, kuma ba zai ɗauki asarar fashewa a hanyar komawa ba. Gilashin ya koma cikin kwalinsa a saman kabad.

Fabrairu 2024: zaman jira

A farkon watan layukan sadarwa suka ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar. Ba kira, ba intanet, Bankak da ake biyan kuɗi da shi kuma ba ya tafiya sai da intanet. Batun sake oda ya tsaya. Ɗalibin ya ci gaba da rubutun bincikensa a talabijin ɗin gida, a duk sa'ar da aka dace wuta ta zo kuma ɗakin ba kowa. Gidan a lokacin na ɗauke da iyali uku, saboda haka sa'o'in ba su da yawa.

Maris 2024: buɗewa ta biyu

Cikin waɗanda suka sauka a gidan daga Wad Madani akwai kawunsa, wan mahaifiyarsa, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin. Bai fito da komai na kirki ba sai jakar kayan aikinsa. Bai taɓa buɗe laftof ba. Da aka ba shi labari a farkon azumi, tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗana, ka auna?"

"A'a, Kawu. Amma hasken ya mutu."

"To da me ka san gilashin ne ya ƙone? Kawo ta gobe da safe."

Ina wurin a wannan karon. Aka fara bayan fitowar rana, kafin zafi ya taso, a kan tebur kusa da ƙofa inda haske ke da kyau, aka rufe taga saboda ƙura. Kawu ya sa aka kawo kiret ɗin ƙwai, kowane rukunin sukuru da raminsa, don tsayinsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yakan huda roba ko ya taɓa bod. Ƙanwar aka ba aikin ɗaukar hoto a kowane mataki. Kafin kowa ya sa hannu ciki sai ya taɓa ƙarfen ƙofa, saboda a busasshiyar iskar bazara jiki kan tara wutar da ke iya lalata ƙananan kaya.

Daga ƙasa aka fara. Aka kwance murfin ƙasa, aka duba batir ba ya kumbure, aka zare bakinsa daga bod ta hanyar kama robar, ba wayoyin ba. Aka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar ta fita. Sai a lokacin aka taɓa firam.

Abu na farko da ya bayyana ba a gilashi yake ba. Ƙarfen gaɓar hagu, wanda murfin ke juyawa a kai, ana ɗaure shi ne da sukurori masu shiga wasu 'yan notin tagulla da aka dasa cikin roba. Biyu daga cikin uku sun tumɓuko, suna lilo tare da ƙarfen. Gaɓar kanta ta ƙi motsi da yatsa, sai da filaya. Ƙura ta haɗu da busasshen giris ta zama ƙanzo a tsakanin zobbanta. Duk buɗewar da aka yi tun damina, maimakon gaɓar ta juya, robar ce ke lanƙwashewa, ƙarfen yana ɗagowa yana goga abin da ke kusa da shi.

Abin da ke kusa da shi kuwa kebul ɗin hoto ne. Baƙin ƙyallen da aka naɗe shi da shi ya cinye a daidai wurin. Kawu ya buɗe naɗin da allura, ga wayoyi sirara kamar gashi, ɗaya ta tsinke ta ciki, bawonta kaɗai ke riƙe da ita. Ya sa mitarsa ta awon wuta a kan ƙara, ya ɗora tsinke ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan. Idan kebul ɗin yana miƙe mita ta yi ƙara, idan aka lanƙwasa shi ƙarar ta yanke. Ƙyaftawar Oktoba ke nan a gabanmu.

Saura duhun Disamba. A bakin kebul ɗin na ɓangaren gilashi, haƙora biyu na can ƙarshe sun yi baƙi. A tsarin eDP mai haƙora 30, tsakanin haƙori da haƙori rabin milimita ne. Wasu suna ɗauke da bayanan hoto, wasu bolt 3.3 na bod ɗin gilashi, huɗu kuma a kusa da ƙarshe suna ɗauke da wutar fitilun baya. Wannan ta ƙarshe daga babban layin kwamfutar take zuwa, wato ƙarfin batir, ko wajen bolt 19 idan caja na ciki, kuma a yawancin irin waɗannan kwamfutoci tana nan a bakin kebul ko da an kashe su, muddin batir na haɗe. Da kebul ya shiga a karkace, haƙorin wuta ya taɓa inda bai kamata ba.

Kawu ya bi layin a kan bod daga bakin kebul, ya samu wani ɗan abu bai kai ƙwayar shinkafa ba, an rubuta harafin F da lamba a gefensa. Fis ne. Lafiyayyen fis mita na ƙara a kansa, wannan shiru. Don ya tabbatar, ya mayar da batir na ɗan lokaci, kebul ɗin hoto a cire, ya auna: gefe ɗaya na fis ɗin bolt 12 da ɗigo, ɗaya gefen sifili. Ya sake zare batir. Sannan ya auna a jikin tsohon gilashin, tsakanin haƙoran wutar fitila da ƙarfen jikinsa, bai samu haɗewa ba. Ya goge bakin da sifirit, ya duba da madubin ƙara girma, haƙoransa a miƙe suke.

Ya ce, "Ban ga laifin gilashin nan ba tukuna."

Wani saurayi daga cikin baƙin gidan ya kawo shawarar a ɗora silin waya a kan fis ɗin a liƙe da dalma, kamar yadda ake yi wa filogi. Kawu ya ƙi. Ya ce fis ɗin ya mutu ne don kada abin da ke bayansa ya mutu, kuma idan aka sa waya, ranar da aka sake samun haɗewa layin bod ne zai ƙone. Ya kuma ce ƙarfen dalmarsa bakinsa ya yi kauri ga wannan aiki, ba zai taɓa ba.

Ƙarshen Maris 2024: neman kaya da gyara

Kebul ɗin hoto ba kamar gilashi ba ne, kowace ƙirar kwamfuta da nata, don bakin da ke shiga bod da tsayinsa da inda yake lanƙwasa duk sun bambanta. Yana da 'yar takarda mai lamba a jikinsa. Da hoton wannan lamba ɗalibin ya zaga masu gyaran waya a kasuwar Gadarif, har ya dace da wani da ke da matacciyar kwamfuta irin tasa, wadda gilashinta ya farfashe. Lambar kebul ta zo ɗaya. Daga bod ɗin matacciyar aka ciro fis na daidai wurin, mai gyaran ya ɗora shi da injin iska mai zafi cikin 'yan mintoci. Da aka zo ciniki, ya karɓi gilashin nan mai haƙora 40, wanda yake da masu nema, aka cika masa da kuɗi kaɗan.

Gaɓoɓin a gida aka yi su. Aka wanke da sifirit, aka sassauta notin da ke ƙarshen kowace da kwatan juyi, aka ɗiga man keken ɗinki, har suka koma juyawa da yatsa amma da ɗan ƙarfi. Duka biyun aka yi wa, don kada ɗaya ta fi ɗaya tauri murfin ya riƙa murɗewa. Notin tagullar da suka fita aka mayar da su gurbinsu da gam mai haɗi biyu, bayan an shafa basilin a zaren sukurorin don kada gam ya kama su. Kwalin gam ɗin ya ce awa 24. Kawu ya sa aka bar shi kwana biyu.

Ranar haɗawa, batir a cire, aka bi da sabon kebul ta hanyarsa a cikin 'yan maƙalan roba, ana duba hotunan da aka ɗauka. Aka tura bakinsa cikin gilashi a miƙe, gefe biyu lokaci guda, har layin haƙoran ya ɓace, aka liƙe da sabon salatif. Aka ɗaura gilashin, ba a sa firam ba. Sannan batir, sannan maɓalli. Haske ya kawo. Aka buɗe murfin aka rufe a hankali daga farkonsa zuwa ƙarshensa, hoto bai motsa ba.

Matsala ɗaya ta biyo baya: Wi-Fi ba ya kamawa sai a kusa. Wayoyin eriya biyu, baƙa da fara, su ma ta gaɓa suke bi zuwa saman murfi, kuma farar ta fice daga kan katinta lokacin aiki. Aka sake zare batir, aka danna ta ta koma.

Sakamako

Kwamfutar ta koma aiki kwanaki kaɗan kafin Ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu 2024, da gilashinta na asali. Ya ƙarasa bincikensa a kanta. Na sake dubawa a watan Oktoba 2024, ba ƙyaftawa, murfin yana tsayawa inda aka bar shi. Abin da ya rage na tabo biyu ne: kusurwar firam ta sama da salatif ke riƙe da ita, da wani ɗan farin tabo a gefen gilashin inda babban yatsa ya danna, wanda ke fitowa idan shafin fari ne. Yanzu daga tsakiya yake ɗaga murfin, ɗaya hannun a kan jikin kwamfutar.

Abin da na gani a lamarin

Tushen matsalar gaɓa ce. Ita ta tumɓuke noti, ta cinye kebul, kuma ta yi ta ba da sanarwa tun damina da tauri da ƙara da tsagewar roba. Da a lokacin aka sassauta ta, da babu sauran labarin. Tokare murfi da littafi ya ba shi sati huɗu, amma a cikinsu wayar ta ci gaba da tsinkewa.

Gwaje-gwajen Nuwamba biyu na ƙarshe daidai suke, kuma ba su ci ko sisi ba. Da su aka fara, da ba a yi fomat ba. Sun kuma nuna abin da bai karanta ba: laifin da ke zuwa ya tafi da motsin murfi, a wurin da ke motsi ake fara nemansa. Bakin kebul na bayan gilashi ba ya motsi, a liƙe yake. Inda ke lanƙwashewa kullum shi ne cikin gaɓa.

Ban ga laifinsa ba da ya buɗe da kansa. A garin da babu shagon da za a kai, kuma karatun shekara huɗu na ciki, zama a naɗe hannu ba zaɓi ba ne, kuma cire firam da gilashi aiki ne da mai haƙuri zai iya a gida. Abin da ya ja masa wata huɗu na duhu shi ne batirin da bai zare ba. Ya ma yi sa'a, don irin wannan haɗewar takan aika wutar fitila cikin layin bayanai, ta kashe gilashi ko ɓangaren hoto na bod, a nan kuwa fis ya tare. Asarar kuɗin riɗi kuma ta zo ne daga yanke hukunci ba awo, sannan oda ba lamba, alhali takardar tana gabansa ranar da ya kifa gilashin.

Abin da ya fi burge ni a aikin Kawu shi ne inda ya tsaya. Ya auna duk abin da mitarsa za ta iya, ya gyara abin da ke na ƙarfe da roba, ya miƙa fis ga mai kayan aikin da ya dace. Iyakar aikin gida ke nan a ganina, kuma tana matsowa kusa a wasu kwamfutocin. Sababbi masu siririn firam da na taɓawa, gam ne ke riƙe da gilashinsu, kuma yana fashewa a hannun wanda bai saba ba. Tsofaffi na kafin wajen 2010 da yawansu fitilar bututu gare su, mai aiki da ɗaruruwan bolt kuma da zaiba a ciki. Idan kuma aka buɗe ƙasa aka tarar batir ya kumbura, ba a danna shi ba a huda shi, a zare bakinsa a fitar da shi daga ɗaki, a ajiye a inuwa nesa da abin da ke kama wuta kafin a ci gaba da komai.